Anti, Kira Uku Nake Ji, Wanne Zan Amsa?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 32, ina da aure da 'ya'ya biyu. Shekara bakwai ke nan ina aikin jami'ar jin daɗin jama'a a wani asibitin gwamnati, a ɓangaren mata masu yoyon fitsari. Ni ke zama da su kafin a yi musu aiki da bayan an yi, ni ke neman danginsu, wani lokaci ma ni ke raka mace har ƙauyensu. Ina da digiri na biyu a ilimin zamantakewa. Yanzu wata jami'ar jiha ta ba ni aikin koyarwa, da sharaɗin in fara digirin digirgir. Ana cikin haka kuma shugabar ƙungiyar da muka kafa shekara uku da suka wuce, mai koya wa matan sana'a bayan an sallame su, za ta bi mijinta wani gari. 'Yan ƙungiya sun ce ni suke so in hau kujerar, ga kuma wasu masu ba da tallafi daga waje sun nuna za su ba mu kuɗi. Maigidana ya ce in zaɓi ɗaya. Hajiyarmu ta ce kada in bar aikin da na sani. Ni kuwa duka ukun nake so. Ina da littattafai goma sha ɗaya cike da labaran matan nan da na rubuta da hannuna, ina ganin su kaɗai sun ishe ni kundin digirin. Anti, son zuciya ne in ce zan haɗa duka?

Ƙanwarki mai neman shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri a kan shekarun nan bakwai. Wanda bai taɓa shiga ɗakin masu yoyon fitsari ba, bai san nauyin abin da kika faɗa a layi biyu ba. Mace ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, ta rasa ɗan, ta tashi da lalura, sannan a ware mata kwano da tabarma a gidan da ta shiga da guɗa. Mai zama kusa da irin wannan baiwar Allah har ta saki jiki ta yi magana, ba ƙaramin aiki take yi ba.

Ba son zuciya ba ne. Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman ayyuka uku, abu ɗaya kawai na gani, wato matan nan. A asibiti kina riƙe hannunsu. A jami'a kina so ki gano abin da ke jefa su cikin wannan hali da abin da ke samunsu bayan sun koma gida. A ƙungiya kina so su samu abin dogaro. Da a ce digirin a kan harkar banki za ki yi, ƙungiyar kuma ta wasanni ce, da na ce miki taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Amma taki rijiya ɗaya ce, guga ne uku. Abin dubawa shi ne wanne za ki fara zurawa, don hannu biyu Allah Ya ba ki, ɗaya kuma yana riƙe da yara.

Kuma ba ke ce farau ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, malama ce mai rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ita ce ta tsara 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Takan naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa, jajin ta tattaro matan ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su karantar da wasu, su kula da marasa lafiya. Da ta rasu aikin bai mutu ba, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da shi. A Amurka ma, inda wannan sana'a taki ta yi ƙarfi a siffarta ta zamani, haka ta faro. Jane Addams ta buɗe gidan Hull House a unguwar talakawa a birnin Chicago a 1889, kuma mazauna gidan ba rabon taimako kawai suka tsaya yi ba, sun bi gida-gida suna rubuta abin da kowane iyali ke samu, suka buga sakamakon a 1895. Sai dai ki lura, wadda ta ja ragamar wannan bincike wata ce daban, Florence Kelley. Addams ba ta ce komai sai ita ba. A kusa da mu kuma, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya daga bincike ta tsiro. Masu nazari daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun shiga ƙauyuka a kan lafiyar mata masu haihuwa, suka saurari iyaye, suka ji cewa yarinya na iya shekaru tana zuwa makaranta ba ta iya karatu ba, daga nan aka kafa zaurukan da ake koyar da 'yan mata a cikin garuruwansu.

To ga shawarata a fili, kafin in kawo dalilai. Ki karɓi aikin jami'ar. Ki nemi izini a rubuce ki riƙa komawa asibitin yini ɗaya a mako a matsayin 'yar sa-kai. Kujerar shugabanci ki ba su haƙuri a yanzu. Littattafan nan goma sha ɗaya kuwa, kada ki buɗe ko ɗaya don kundin digiri sai kin bi ta ƙofar da zan nuna miki.

Bari in fara da littattafan, don a nan hankalina ya fi tsayawa. Ranar da mace ta zauna a gabanki a ofis, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta gaya miki abin da mijinta ya ce lokacin da ya mayar da ita gidan iyayenta, wa take gaya wa? Jami'ar da za ta taimake ta take gaya wa. Ba ta san da wata Dakta ta gobe ba, ba ta san da zauren da malamai za su zauna suna juya shafukan rayuwarta ba. Kuma a ranar ba ta da bakin cewa a'a. Gado take jira, aiki take jira, a ganinta duk wanda ke cikin asibitin yana da hannu a samun lafiyarta. Abin da aka ba ki a wannan hali amana ce, kuma amanar da aka bayar don abu kaza ba a juya ta zuwa wani abin sai an koma wurin mai ita.

Na san wannan a jikina. Shekarun baya ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa matan da mazajensu suka rasu. Wata baiwar Allah ta ba ni labarinta tiryan-tiryan, har da rikicin gado tsakaninta da 'yan'uwan mijinta. Na sa labarin a rahoton da muka aika wa masu ba mu tallafi. Na canja sunanta, na ɗauka shi ke nan na rufa mata asiri. Amma na bar sunan ƙauyen, na bar yawan 'ya'yanta, na bar sana'ar marigayin. Rahoton ya hau intanet, wani ɗan garin da ke karatu a birni ya gani, ya tura wa mutanen gida a WhatsApp. Bayan wata biyu ta zo ofis. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin benci, na miƙa mata ruwa ta ƙi karɓa, tana ta murza bakin zanenta da yatsa biyu. Can ta ɗago ta ce, "Hajiya, ke na gaya wa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ba ta haƙuri, muka sa aka sauke rahoton, amma magana zarar bunu ce. Ba ta ƙara tako ofishinmu ba, matan garin ma suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Har yau idan na tuna yatsun nan biyu sai jikina ya yi sanyi. A ƙauye canja suna ba ya ɓoye mutum, ƙanwata. Idan kika ce mace 'yar shekara sha shida, matar mahauci, ta garin kaza, ai kin kira sunanta.

Mu a Arewa kuma kalmar bincike tana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka daɗe ana shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙin rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Naki binciken ba allura ba ne, ba ƙwaya ba ne, na sani. Amma duk mai shiga ƙauye da takarda da biro yana shiga ne a kan sawun waɗanda suka riga shi, kuma wanda zai biyo bayanki zai ci albarkacinki ko ya girbi abin da kika shuka.

Ga ƙofar. Da farko ki sani cewa abin da kika rubuta a bakin aiki ba naki ba ne ke kaɗai, asibitin yana da haƙƙi a kai, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa. Ki rubuta tsarin bincikenki, ki kai wa kwamitin da ke tantance ɗa'ar bincike na asibitin ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, ki gaya musu gaskiya cewa kina da waɗannan littattafai. Su za su ce ko za ki iya ɗebo alƙaluma daga ciki, kamar shekaru da nisan gari da kwanakin naƙuda, bayan an goge duk abin da zai nuna mutum. Labaran kuwa, waɗanda suka fito daga bakin mace, sai kin koma kin nemi izininta sabo. Kuma kada ke ki nemi izinin, domin ba za ta iya kallon idonki ta ce a'a ba. Ki tura wata da ba ta taɓa gani a asibitin ba, ta yi mata bayani da harshen da take ji, Hausa ko Fillanci ko Barbarci, ta gaya mata cewa ko ta ƙi, ba abin da zai taɓa maganinta ko keken ɗinkinta. Wadda ta yarda ta dangwala hannu a gaban shaidar da ita ta zaɓa. Wadda ta ƙi, shafinta ya rufe ke nan, ko da labarinta ne ya fi kowanne taɓa zuciya.

Kada ki ji kamar na raba ki da dukiyarki. Amfanin littattafan nan na gaske yana cikin kanki tuni. Su ne suka koya miki tambayar da ya kamata a yi, abin da ɗalibin da ya taso daga aji zuwa aji zai shekara biyu yana lalube. Da ni ce ke, a kan abin da ke faruwa bayan sallama zan yi digirin. Likitoci sun yi rubutu mai yawa a kan aikin ɗinkin kansa. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu fa? Mijin ya mayar da ita? An bar ta ta huta watannin da likita ya ce? Da ta sake samun ciki, ta je awo, ta haihu a asibiti kamar yadda aka gargaɗe ta, ko kuwa kuɗin mota ya gagara? Keken ɗinkin da kuka ba ta yana nan, ko an sayar an sayi hatsi da bazara? Ke kin san hanyar ƙauyukan, kin san gidajen. Idan kina neman irin salon da za ki koya, ki nemi ayyukan cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001. Masu bincikenta sukan zauna a asibitoci da ofisoshi makonni suna kallon yadda ma'aikata ke mu'amala da talaka a zahiri, su rubuta abin da ido ya gani. Yawancin rubutunsu da Faransanci ne, amma akwai waɗanda aka fitar da Turanci.

Tambayar keken ɗinkin nan ita ce babban dalilin da ya sa na ce ki dakata da kujera. A ce kin shiga ƙauyuka kin tarar rabin kekunan an sayar. Mai bincike dole ta rubuta haka. Shugabar ƙungiya kuwa, wadda ke jiran kashi na biyu na kuɗin tallafi, wadda albashin ma'aikata biyar ke wuyanta, hannunta zai yi nauyi a kan biron. Ba na zargin imaninki. Amma ba a sa mutum ya zama alƙali a shari'ar gidansu, kuma malaman da za su duba kundinki za su yi wannan tambaya tun kafin ki zauna.

Sannan mutane suna ɗaukar shugabancin ƙungiya kamar ƙarin kusanci ne da waɗanda ake taimako. Akasin haka ne. Ranar da kika hau kujerar, ranar za ki fara nisa da matan. Za ki koma mai bin takardu: rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da rahoton da ake kai mata duk shekara ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, takardar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram) da banki zai nema, odita, haraji, rasit na kowace kwalbar ruwa da aka sha a wurin bita. Na ga shugabar ƙungiya da ƙarfe ɗaya na dare, janareto na ruri, ta baje rasitai a kan tabarma tana jera su wata-wata, tana neman inda naira dubu huɗu ta shige, don gobe ne ranar ƙarshe ta aika rahoto. Wannan mata ta shiga aikin ne don tana son zama da marayu, amma a lokacin ta yi wata uku ba ta ga maraya ko ɗaya ba. Ki ɗora wannan a kan shirya lacca, da duba takardun jarrabawar ɗalibai ɗaruruwa, da babi na biyu da mai duba aikinki ya dawo miki da shi cike da jan biro.

Kuɗin waje kuma, kayan aro ne, ba ya rufe katara. A ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa farkon watan Yulin shekarar an rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, wadda ta daɗe tana tallafa wa aikin yoyon fitsari a Najeriya. Ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa sun kwana da aiki sun tashi babu. Masu tallafin da kika ambata "sun nuna za su ba ku" ne, ba su sa hannu ba. Ko sun sa, irin wannan kuɗi yana da wa'adi, shekara ɗaya, biyu, uku. Ban ce ku ƙi karɓa ba. Ku karɓa, amma kada ki gina rayuwar gidanki a kai, kuma ku fara neman abin da zai riƙe ƙungiyar daga cikin gari: zakka da wakafi daga masu hali, kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya, cinikin sabulu da man shafawa da matan ke yi.

Akwai kuma doka. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya sa ma'aikatan jami'o'in gwamnati cikin masu riƙe da muƙamin jama'a. Ya hana karɓar albashin gwamnati biyu a lokaci ɗaya, ya kuma hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata harka ta kansa in ba noma ba. Shi ya sa na ce zuwanki asibiti ya zama na sa-kai, kuma duk rawar da za ki taka a ƙungiya ki rubuta wa magatakardan jami'a ta hannun shugaban sashenku, ki ajiye amsar a fayil. Wata rana za ki ji daɗin wannan takarda.

To me za ki ce wa 'yan ƙungiya? Ki gaya musu ba gudunsu kike yi ba. Ki shiga kwamitin amintattu ba tare da albashi ba, ku zauna sau ɗaya a wata uku. Ki taimaka su zaɓi wadda za ta iya ba aikin dukkan yininta, ku rubuta wa'adin shugabanci a tsarin mulkin ƙungiyar, ku sa hannu biyu ko uku a asusun banki. In da hali, cikin matan da suka warke ku jawo ɗaya ko biyu cikin masu yanke shawara, don sun fi ku sanin abin da ke amfanarsu. Ƙungiyar da ba ta iya tsayawa sai da mutum ɗaya tana da rauni tun daga tushe, kuma gara a gane haka yanzu tana 'yar shekara uku. Kujerar ba ta gudu. Wangari Maathai ta Kenya ta gama digirin digirgir a 1971, sai a 1977 ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa. Farfesa Jibrin Ibrahim ya yi shekaru yana koyar da kimiyyar siyasa a Zariya kafin ya jagoranci CDD, cibiyar dimokuraɗiyya da ci gaba, a Abuja. Malam Y. Z. Ya'u ya koyar a Jami'ar Bayero kafin ya tattara hankalinsa a kan CITAD, cibiyar fasahar sadarwa da ci gaba da ke Kano. Bayan shekara huɗu ko biyar, idan kika hau kujerar da digirinki da sakamakon bincikenki a hannu, kwamishina zai saurare ki da wani kunne daban.

Ba zan yaudare ki a kan jami'a ba. Albashin ƙaramin malami ba ya kai wata, ajujuwa a cike suke, kuma sabon shiga shi ake jibga wa aikin haɗa sakamakon jarrabawa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, digirin da aka ce shekara uku yakan kai biyar ko shida. Amma cikin ukun nan ita kaɗai ce ƙofar da ba ta buɗewa kullum, ita ce kuma mai ba ki abin da ba a ƙwacewa. Ma'aikacin jami'ar gwamnati yana iya neman tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Kafin ki amsa, ki nemi a yi miki canjin wurin aiki maimakon ki ajiye aiki, don shekarunki bakwai su bi ki wajen lissafin fansho. Wannan zai kwantar wa Hajiya da hankali, kuma tana da gaskiya da ta damu. Ki bincika wa zai duba aikinki, ki tambayi ɗaliban da suka gama a hannunsa shekara nawa suka yi. Mai duba aiki nagari ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kada kuma ki saki 'yan'uwanki na sana'a. A ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin jin daɗin jama'a a Najeriya, ana buƙatar malaman da suka taɓa aikin da hannunsu, ba waɗanda suka karanta shi a littafi kawai ba. Yinin nan ɗaya na asibiti shi zai sa laccarki ta yi rai, ki riƙe shi da kyau ko da an matsa miki.

Saura maigida. Da ya ce ki zaɓi ɗaya, ban ji muryar mai hana ki ci gaba ba. Na ji mutumin da ya ƙirga awoyin yini ya ga ba su kai ba, yana kuma tambayar ina shi da yara za su shiga. Kada ki je masa da sunayen Nana Asma'u da Wangari, ki je masa da takarda. Ki zana mako guda: ranakun aji, ranar asibiti, daren da za ki yi karatu, wa zai ɗauko yara daga Islamiyya, ranar da babu aiki babu waya. Ki nuna masa abin da kika ajiye saboda gida, wato kujerar, don ya san an ji maganarsa. Ku yi magana tun yanzu a kan watannin da za ki shiga ƙauyuka, wa zai raka ki, wa zai zauna da yaran, da waɗanne hanyoyi ne ba za ki bi ba saboda halin tsaro. Ku sa lokaci, ko bayan zango biyu na karatu, ku sake zama ku duba. In ya ga kin cika abin da kika rubuta, shi da kansa zai riƙa tuna miki babin da ba ki gama ba.

Ki yi istihara, ki shawarci malamin da ya duba digirinki na biyu. Kafin nan, a cikin makon nan, ki tattara littattafan goma sha ɗaya ki sa su a akwati mai makulli, ba a kan durowar ɗaki inda yaro ko baƙuwa za su iya buɗawa ba. Idan kin taɓa ɗaukar hoton wani shafi a waya, ki goge. Idan kwamitin ya amsa miki, ki sake rubuto mini in ji abin da suka ce, sai mu duba takardar neman izinin tare kafin a kai ta ƙauye. Allah Ya yi miki jagora, Ya ba matan nan lafiya mai ɗorewa. Ki gaida Hajiya da yara.

Antinki.